Yadda ake saba wa 'yan tsakin da aka rena a ɗaki da kiwo a waje

"Assalamu alaikum Malam. Na sayi 'yan tsakin Noiler guda 30 'yan kwana ɗaya, na rene su a ɗaki da fitila da kaskon garwashi. Yanzu sun shiga sati na biyar, saura 28. Kuɗin abinci ya fara fin ƙarfina, shi ya sa nake so in riƙa sakinsu a tsakar gida da filin bayan gidanmu, kamar sauran kajin Hausa da nake da su. Shekaranjiya na buɗe musu ƙofa suka ƙi fita. Da na koro su waje sai suka takure a jikin bango, da magariba kuma sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya muna kamawa. Unguwarmu akwai shaho da muzuru. Muna gefen garin Zariya, ga damina ta kusa ɗaukewa. Yaya zan yi su saba?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sanya albarka a kiwon. Wanda ya kai 28 cikin 30 zuwa sati na biyar ya iya reno, don haka hannunki ba shi da matsala. Idan na fahimce ki, kina son sanin lokacin da ya dace a sake su, da yadda za a yi su daina tsoron waje, da kuma yadda za su riƙa komawa makwancinsu da kansu. A cikin ukun nan na ƙarshen ne ginshiƙi. Fita kam ko ba a koya musu ba za su fita, yunwa da son tono za su fitar da su. Dawowa ce ake koyarwa, kuma duk wanda ya saki kajin da ba su san gida ba ya ba muzuru sadaka.

Abin da ya sa suka ƙi fita

Ki lura da kazar Hausa idan ta ƙyanƙyashe. Bayan ta kwanta kwana 21 a kan ƙwai, kwana ɗaya ko biyu da fitowar 'ya'yan sai ta sauko da su tsakar gida. Ita ke tona ƙasa ta kira su, da muryar da ta keɓe wa abinci. Idan inuwa ta gifta ta sama sai ta canza murya, nan take su watse su shige ƙarƙashin turmi ko kara. Idan sanyi ya kama su ta buɗe fikafikai su shiga. Rana na yin ja ta ja su zuwa inda za su kwana. Haka take yi har wajen sati shida zuwa takwas kafin ta yaye su. Hausawa na cewa kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, kuma wannan tsoron nata shi ke raya 'ya'yan.

Naki a inji aka ƙyanƙyashe su, a kwali suka zo miki, ba su taɓa ganin abin da ya wuce bango huɗu da fitila ba. Tono da tsattsaga da laɓewa idan sun ga inuwa duk suna cikin halittarsu, amma sanin wuri babu mai ba su. Ba su san ina ruwa yake a waje ba, ba su san inda za su ɓuya ba, ba su san ƙofar da suka fito ta cikinta ita ce hanyar komawa ba. Kaza dabba ce da ake farauta, don haka duk baƙon abu a wurinta haɗari ne har sai ta tabbatar ba shi ba ne. Takurewar da suka yi a jikin bango dabarar tsira ce. Korar da aka yi musu da bin su da magariba kuwa sun ƙara musu tsoron wajen, har da tsoron mutanen gidan. Wannan yana gyaruwa, amma daga yau kada a sake koro su, kada kuma yara su bi su da gudu.

Irin da kika saya ya dace da abin da kike so. Kamfanin Amo da ke Awe a Jihar Oyo ne ya samar da Noiler, kuma don kiwon bayan gida aka yi ta, ta ba da nama ta ba da ƙwai. Haka FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta. Shika Brown, wadda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke nan Shika kusa da ku ta samar, ta ƙwai ce. Da buroila fari, wato kajin nama na gidan gona, kika ce min kin saya, da na ce ki bar su a ɗaki har ki sayar, domin nauyin jikinsu ya fi ƙarfin ƙafarsu, ba sa iya gudu, zafi kuma yana saurin kashe su. Sai dai ki sani Noiler ba ta kai kazar Hausa zafin nama ba. Ta fi ta nauyi, ta fi ta ci, ba ta iya tashi sama ta haye katanga idan kare ya biyo ta.

Sati biyar ya yi wuri

Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashinsa ya cika. Shi ya sa a satin farko ake ba su zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar digiri uku kowane sati. Gashi yakan kammala a sati na biyar zuwa na shida, kuma kai da wuya ne ke zuwa ƙarshe. Ki ɗauki guda biyu ko uku ki duba. Idan har akwai laushin gashin jarirai a kai da wuya, ko ƙarƙashin fiffike tsirara yake, ba su isa a bar su raɓa ko ruwan sama ya taɓa su ba. Ƙarshen damina a yankin Zariya da asuba akwai raɓa mai yawa a ciyawa, ga ruwan bankwana da ke zuwa da iska ba sallama. Ɗan tsakon da ya jiƙe sharkaf da yamma yana iya mutuwa kafin gari ya waye.

Idan har yanzu kina sa musu garwashi, ki fara janyewa: ki daina da rana, bayan 'yan kwanaki ki daina da dare. Idan kin leƙa da asuba kin same su a baje kowa ya kama wurinsa, sun wadatu. Idan sun haye kan juna a lungu guda, da sauran lokaci.

Ni a wurina gashi kaɗai bai isa ba a unguwar da ke da shaho. Ina fara fitar da su a cikin killace tun sati na shida, amma sakin gaba ɗaya sai sun kai wajen sati takwas, lokacin da jikinsu ya yi nauyin da shirwa ko hankaka ba za su sure su cikin sauƙi ba. Na san sati uku na ƙarin abincin kamfani ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma ki lissafa abin da kika riga kika kashe a kan kowane ɗaya. Asarar guda biyar ba ƙaramar asara ba ce.

Rigakafi kafin ƙafarsu ta taka ƙasa

Ba ki faɗi rigakafin da kika yi musu ba, kuma a nan ne nake so ki fi mayar da hankali. Shaho ɗaya-ɗaya yake ɗauka. Cutar Niyukasil kuwa tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki, kuma lokacinta ne ke tafe, domin a ƙasar Hausa ta fi ɓarna da hunturu. Ita ce wadda za ki ga kaza ta yi sukuku, tana zawo kore, tana numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani, rigakafi kawai. Kuma hanyar da ta fi kusa da 'yan tsakinki ita ce kajin Hausan da ke tsakar gidanki, waɗanda ke yawo suna cuɗanya da na maƙwabta. Agwagi ma suna iya ɗauke da ita, da murar tsuntsaye wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a nan Jihar Kaduna, ba tare da su sun nuna alamar ciwo ba.

Kafin sati na shida ya kamata a ce sun sha Lasota, wato rigakafin Niyukasil, sau biyu, da rigakafin cutar Gumboro sau biyu. Idan ba a yi ba, ki nemi likitan dabbobi ko malamin kiwo ya tsara miki daga inda kike. Jiki yana buƙatar kamar sati biyu bayan rigakafi kafin kariyar ta kama, don haka ba a yin sa yau a saki gobe. Idan a ruwan sha za a ba su, a hana su ruwa na ɗan lokaci da safe don su ji ƙishi, a yi amfani da ruwan rijiya ko na burtsatse wanda ba a sa masa sinadarin kulorin ba, su shanye cikin awa biyu. Kwalbar kuma ta zo a cikin ƙanƙara. Wadda ta kwana a kan teburin mai shago a cikin zafi ruwa ce kawai. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin wani nau'in rigakafin Niyukasil mai suna I-2, wanda ya fi jure zafi, ana ɗiga shi a ido, kuma don kajin karkara aka yi shi. Ana maimaita shi duk wata uku zuwa huɗu. Ko wanne kika samu, ki haɗa da tsofaffin kajin gidan gaba ɗaya, har zabi idan akwai. Akwai kuma rigakafin cutar ƙuraje, wadda ke fesowa a tukku da gefen ido, ana yin sa a fatar fiffike wajen sati shida zuwa takwas. Sauro na yaɗa ta, ga shi yanzu lokacin sauro ne.

Su san gida tukuna

Tambayar da zan yi miki ita ce: ɗakin da kika rene su a ciki, nan za su ci gaba da kwana? Idan nan ne, to an rage aiki. Idan kuwa akwai akurkin da za su koma, ki mayar da su can yanzu, ki rufe su a ciki kamar sati guda ba fita, abinci da ruwa duk a ciki. Kaza tana komawa inda ta saba kwana. Mutane da yawa suna haɗa canjin ɗaki da saki a rana ɗaya, sai magariba ta yi kajin su taru a ƙofar tsohon ɗakin suna kuka, ko su haye bishiya. Da zarar sun kwana a bishiya sau biyu ko uku, raba su da ita sai an sha wuya.

Akurkin ya zama mai shan iska ta sama, ƙasansa a bushe, an zuba ɓuntun shinkafa ko dusar katako. Duk wata kafa da yatsu biyu za su shiga a toshe ta da raga mai ƙananan ido, saboda ɓera da maciji. Gafiya takan haƙo ta ƙasa, don haka daɓe ya yi ƙarfi. Ki gitta musu sanda a tsayin da bai wuce gwiwa ba su fara koyon hawa, domin kazar da ta saba kwana a kan sanda ita da kanta take neman ta idan duhu ya gabato. Ƙofar kuma ta kasance ƙasa-ƙasa inda za su gan ta daga waje. Idan akwai tudu a sa katako su taka.

A cikin wannan satin na kulle za ki koya musu kira. Ki samu gwangwani ki zuba ɗan tsaki ko gero, duk sanda za ki ba su abinci ki kaɗa shi, ki yi kira iri ɗaya da bakinki, sannan ki zuba. Kada ki kaɗa gwangwanin ba tare da kin ba su wani abu ba, kada kuma yara su mayar da shi abin wasa. Cikin 'yan kwanaki za ki ga da jin ƙarar sun rugo. Wannan gwangwanin shi zai tsaya a madadin muryar uwa, da shi za ki tattaro su idan hadari ya taso ko shaho ya fara shawagi.

Fitar farko

Matakin farko killace ne a bakin ƙofar akurkin. Ki kewaye ɗan fili da raga ko zana, ki rufe sama da raga ko tsohon gidan sauro, wani ɓangare ya zama a inuwa. Ki ajiye mazubin ruwan da suka sani a ciki, ki barbaɗa ɗan tsaki daga bakin ƙofa zuwa waje, ki buɗe, ki koma gefe ki zauna. Ranar farko wataƙila uku ko huɗu ne za su leƙo, su koma da gudu. Ki bar su. A kowane garke akwai masu ƙarfin hali, su za su ja sauran. Muhimmin abu shi ne ƙofar ta zauna a buɗe, kowane ya fita da ƙafarsa ya koma da ƙafarsa, don ta haka ne hanyar ke zama a kansa. Wanda aka ɗauka a hannu aka dire a waje bai san ta inda ya zo ba.

Bayan sun yi kamar sati guda suna shiga suna fita a killacen, sai ki buɗe shi. Lokacin da na fi so shi ne bayan la'asar sakaliya, saura kamar awa ɗaya rana ta faɗi. Dalili kuwa kaza ba ta gani sosai a duhu, haske na raguwa hankalinta ke komawa makwanci, kuma awa ɗaya ba ta isa su yi nisa ba. Ki rage musu abincin rana kaɗan don su kasance da 'yar yunwa. Gab da magariba ki shiga akurkin ki kaɗa gwangwani, ki zuba abincin dare a ciki. Idan cikin akurkin ya riga waje yin duhu sukan yi cirko-cirko a ƙofa su ƙi shiga, 'yar fitila mai caji da aka rataya a ciki tana magance wannan. Sun shiga ki ƙirga su, ki rufe. Ƙirgar nan kullum ce.

Wanda ya maƙale a waje kada a bi shi. A jira duhu ya ɗan yi, zai lafe wuri guda, a ɗauke shi cikin natsuwa a sa shi kan sanda. Dare biyu ko uku ya isa yawancinsu su gane.

Daga nan sai ki riƙa matso da lokacin buɗewa baya: awa biyu, sannan daga la'asar, sannan daga azahar, gwargwadon yadda kika ga suna dawowa. Satin farko a samu babba a kusa. Ko sun saba, ban ba ki shawarar buɗewa da sassafe ba. Ki bari hantsi ya ɗaga, raɓa ta bushe, sun kuma ci abincin safe a ciki. Tsakar gida za su fara ƙwarewa a kai. Filin bayan gida sai daga baya, idan kin tabbatar suna amsa kira daga nesa.

Shaho da muzuru

Waɗannan biyun maganinsu daban ne. Na sama, wato shaho da shirwa da hankaka, da rana suke aiki, kuma fili fetal suke so. Abin da ke ceton ɗan tsako shi ne ya samu mafaka a taku kaɗan daga duk inda yake. Ki jingina tsohon kwano ko zana a jikin bango, ki ɗora katako a kan duwatsu, ki tara ƙaya ko karan dawa nan da can. Gindin zogale ko lalle ko kowane ƙaramin itace mai duhuwa yana da amfani. Yanzu ciyawa na rufe su, amma da an yi girbi ƙasa ta bushe za su fito fili, ɗauka kuma ta ƙaru. Farare cikinsu sun fi fitowa a idon shaho, su za ki fi sa wa ido. Wasu na shafa wa 'yan tsaki galura mai ruwan hoda ko shuɗi don shaho ya kasa gane su. Ba na hana wa, kuma tana taimakawa wajen bambance naki da na maƙwabta, amma ban yarda a dogara da ita a bar yin mafaka ba. Zakara mai hankali ya fi ta amfani, domin yana ɗaga kai yana duba sama, yana kuma yin ƙara idan ya hango abu.

Muzuru da tunku da gafiya da maciji kuwa yawanci daga magariba zuwa asuba ne. Maganinsu ƙofa ce da ake rufewa kullum a kan lokaci. Yawancin ɓarnar muzuru da ake kawo min ƙara, idan na bincika, sai in tarar an manta ba a rufe ba ne, ko an bar wata kafa a saman bango. Kada a bar ragowar abinci a waje ya kwana, yana jawo ɓera, ɓera kuma na jawo maciji. Idan za a sa maganin ɓera, a sa inda kaza ba ta isa, a kuma kwashe mushen da wuri.

Batun yanke fiffike don kada su tsallaka katanga: Noiler ba ta cika buƙatarsa ba, kuma kazar da aka rage wa fiffike an rage mata hanyar tsira. Sai wadda ta addabi mutane, ita ma gashin gefe ɗaya kawai.

Haɗa su da manyan kaji

Manya za su tsattsage su, wannan babu makawa, haka kaji ke tsara wa ke gaba da wa. Amfanin killacen raga shi ne suna ganin juna sati guda ba tare da sun taɓa juna ba, don haka ranar haɗuwa faɗan ba ya tsanani. Ki ajiye abinci da ruwa a wuri biyu nesa da juna, domin uwar garke takan tsare mazubi ta hana ƙanana. Dabarar da nake amfani da ita ita ce kifa babban kwando ko akwaku a ɗaga shi kaɗan, yadda ƙanana za su shiga su ci, manya ba za su iya ba. Idan an fasa wa wani jini a ware shi har ya warke, saboda ganin ja yana sa sauran su yi ta saran wurin. Makwanci kuwa gara kowa da nasa har ƙananan su kusa kamo manyan a girma.

Gaskiyar maganar abinci

Tunda kuɗin abinci ne ya kawo maganar, bari in faɗa miki yadda take. Saki yana rage kuɗi, ba ya ɗauke shi. Tsakar gida da ɗan fili suna iya riƙe kajin Hausa biyar ko goma da ragowar tuwo da dusa. Ƙarin 28 masu saurin girma za su share ƙwarin wurin da ɗanyen ganyensa cikin ɗan lokaci. Babbar kaza irin wannan tana cin abin da ya kai giram 110 zuwa 120 a rana, ko fiye. Idan kika yanke musu abincin kamfani rana ɗaya, za su tsumbure, gashi ya tashi, ciwo ya samu ƙofa.

Ki ci gaba da ba su sitata, wato abincin kamfani na 'yan tsaki, har wajen sati na shida zuwa takwas, sannan ki koma girowa, na masu tasowa, kina cakuɗa tsohon da sabon na 'yan kwanaki. Idan sun saba da kiwo sai ki mayar da shi sau biyu, safe kafin a buɗe da yamma a cikin akurki, rana su nema da kansu. Da dare ki shafa gindin wuyansu ta gaba, inda abinci ke taruwa. Idan ya cika tim, sun ƙoshi. Idan a fayau yake, filin bai ba su komai ba, ki ƙara. Kin yi sa'ar lokaci, domin kaka na tafe da fara da tsabar da ke zuba wajen sussuka. Daga tsakiyar rani zuwa bazara kuwa ƙasa ba ta da abin ba su, nauyin zai dawo kanki.

Dusa da tsaki suna cika ciki, amma abin gina jiki ya yi musu kaɗan, kuma shi ne mai tsada a cikin buhun kamfani. Ana cike giɓin da garin ƙuli-ƙuli, da waken suya da aka soya aka niƙa (ɗanyensa yana hana narkewar abinci), da garin ƙananan kifi, da ganyen zogale. Gara ma abinci ce mai kyau. Ana cusa busasshen kashin shanu da guntayen kara a tsohuwar tukunya, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi, washegari a juye musu. Tukunyar dai ta yi nesa da ɗaki da rumbu. Sannan tunda kaza ba ta da haƙori, da ƙananan tsakuwa ƙundunta ke niƙa tsaba da ciyawa. Waɗanda suka tashi a kan garin kamfani ƙundunsu babu tsakuwa, don haka ki ajiye musu yashi mai tsakuwa-tsakuwa tun suna cikin kulle, kafin su fara haɗiyar doguwar ciyawa ta cushe musu. Ruwa mai sanyi a inuwa kada ya yanke, kaza ba ta gumi, da haki take rage zafi. Idan ba su samu mai kyau kusa ba, kwata za su sha.

Abin da ƙasa ke jawowa

A sati biyun farko ki riƙa duba kashinsu. Idan kin ga jini, ko wasu sun saki fikafikai sun rufe ido, yawanci ciwon hanjin nan ne da ake kira koksidiyosis, wanda ke yaɗuwa a jiƙaƙƙen wuri mai kashin kaji. Ana maganinsa da amfuroliyam a ruwa, kuma saurin farawa ne ke ceto. Tsutsar ciki ma za ta zo, ta ƙasa da ta ƙwarin da suke ci, don haka kajin da ke yawo ana ba su maganin tsutsa lokaci-lokaci. Ki tanadar musu busasshen wuri mai yashi da toka su yi birgima, yana rage ƙwarƙwata. A zagaya filin a kwashe leda da guntun roba da tsohon batir, a binne duk wani mushe, domin tsutsar mushe tana ɗauke da dafin da ke sa wuyan kaza ya saki ta mutu. Idan an yi feshin ciyawa ko na ƙwari a gonar da ke kusa, a tsare su a gida. Haka idan kika ji kaji sun fara mutuwa a unguwa: a rufe kowa, kada a sayo sabuwa daga kasuwa, kada mai shigowa ya taka cikin akurki.

Daga nan inda nake ba zan iya gane ciwo da kwatance ba, kuma alamomin cututtukan kaji suna kama da juna. Idan biyu ko uku suka mutu a rana ɗaya, ki kai gawa ɗaya asibitin dabbobi a buɗe a gani, a Zariya kuna da na Jami'ar Ahmadu Bello. Ya fi a yi ta zuba kafso a ruwa a kan zato. Kuma ko an bi duk abin da na faɗa, mai sakin kaji yakan rasa ɗaya ko biyu.

Saura batun maƙwabta. Kaka lokacin shanya ne, kaji 28 kuma idan suka faɗa wa shanyar barkono ko masarar wani, ko suka tone masa fangalin alayyafo, abin da kika tara na iya tafiya a biyan ɓarna da ɓacin zumunci. Idan filin bayan gidan ba a katange yake ba, ba dole sai sun wuni a waje ba. Da yawa daga cikin masu Noiler da nake hulɗa da su a kan rabin wuni suka tsaya, daga la'asar zuwa magariba, kuma kajinsu sun fi na masu sakin wuni guda nauyi. Idan duk da haka buhun ya gagara, ki bari su kai wata uku, ki sayar da mafi yawan zakarun, ki bar ɗaya ko biyu, kuɗin ya ciyar da sagarun har su fara ƙwai.